Kaset ɗin Iya da Amfilifayar Baba

Ranar Asabar ta farko bayan babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba ya sauko daga bas a bakin titin Kubwa da kwali a ka, kwalin da ya fi shi faɗi. Ina tsugune a bakin famfo ina jiran layi ya zo kan bokitina na hango shi. Hularsa na cikin aljihu, gumi ya jiƙa masa riga har gadon baya, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin ya kai ƙofar gidanmu yaran layi sun yi masa rakiya, suna nuna hoton da ke jikin kwalin suna ihun “Baban Uwani ya sayo hom tiyata!” Shi kuwa ko ɗaya bai ji ba. Na bar bokitin nan a layi, har yau ban ƙara ganinsa ba, na ruga na tallafe masa gefen kwalin. Matan gida suka fito suna leƙe, wasu na guɗa, wasu na rufe baki suna dariya, don kowa ya san ko talabijin ba mu da ita. Ba wanda ya san abin da ya kai mutumin da bai taɓa zama kallon fim ba sayen kayan kallo, sai ni da Umma. Mu kuma ba dariya ce a ranmu ba.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, banɗaki biyu da ake yi wa layi tun asuba saboda masu sammakon bin bas zuwa cikin gari. Kowa da yarensa a ɗakinsa, amma a tsakar gida Hausa ake yi, kowa da irin tasa. Umma na suyar awara a ƙofar gida, ni ke wanke waken suya in kai niƙa kafin makaranta, in na dawo in share tsakar gida, in leƙa ’yar gonar da Baba ya yi a bayan gida wajen rafi, layi huɗu na masara da kuɓewa, in koro akuyoyin mutane. Da yamma mu yi carafke da tsallen igiya a ƙarƙashin mangwaro. Karatuna bai yi nisa ba, a aji ma ni ce ta kusa da ƙarshe, amma Allah ya ba ni kunne. Ina daga ɗaki zan gane takun kowa a gidan, in gane kurar wane mai ruwa ce ta shigo layi daga kukan tayarta. In ana gulma a kicin sai ka ji wata ta ce, “Ku rage murya, rediyon gidan nan na kusa.”

Baba kuwa kunnensa tafiya yake yi. Lokacin nan Abuja gini take ci ba dare ba rana, ko’ina ka duba tirela ce da tsakuwa, shi kuma a wurin fasa dutse yake aiki, a gindin injin da ke niƙa duwatsu. Yakan dawo fari fat da ƙura har gashin ido, ya zauna a kan tabarma ya ce kansa na kukan gyare. Da farko rediyo yake ƙure wa murya har maƙwabta su buga bango. Daga baya sai ya koma kallon bakin mutum in ana magana, yana gyaɗa kai a inda ba a gyaɗawa. Ni ce bakinsa da kunnensa. In an yi sallama in taɓa masa gwiwa, in an kira sallah in ja masa hannun riga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa mutane ke ce mini Uwani, shi kuma ba abin da yake kirana sai “Uwata”.

Mahaifiyar tasa, wadda muke kira Iya, tana can ƙauyenmu a ƙasar Zazzau. Baba ne ɗanta na fari, kuma Iya irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. In za ta ba shi tuwo sai ta ajiye ta ce, “A ce wa wancan ya ɗauka.” Ko wani yaro mai irin sunan ya shigo gidan, sai ta ce masa mai sunan wancan. Ba da son ranta ya baro gona ya taho Abuja ba. Ranar da zai taho ta juya masa baya tana tankaɗe, ko a sauka lafiya ba ta ce ba, kuma ya riƙe wannan a ransa shekara da shekaru. Da ciwonta ya yi tsanani an aiko, ya ce bari a yi albashi ya tafi da ɗan abin hannu. Kwana uku kafin albashin aka binne ta. Da ya dawo daga zaman makoki, sai ga shi da kaset a aljihun gaba, naɗe a cikin leda. Ƙanensa ne ya ba shi. Ya ce ana gobe za ta rasu ta sa ya kunna mata rikoda, ta yi gaishe-gaishe, sannan ta ce ya fita ya ja mata ƙofa, akwai maganar da ba ta kunnensa ba ce.

Muna da wata ’yar rikoda mai cin batir, murfinta ɗaure da roba. A daren farko bayan isha’i Baba ya sa kaset ɗin ya manna kunnensa. Farkon duk ana ji: Iya na gaida Umma, tana tambayar ko na iya tuƙa tuwo, tana cewa a bar wa ƙanen Baba gonar fadama ya noma. Sai ƙarar ƙofa. Daga nan muryarta ta yi ƙasa, ta koma kamar mai magana da filo, ga wata na daka a tsakar gida, ga zakara, ga shuuu ɗin kaset. Umma ta ce ita dai tana jin ana magana amma ba ta tsintar ko kalma. Baba ya maido, ya sake maidowa, har batir ya fara jan murya. Ni kuwa tun a karo na biyu na ji. Na matsa bakina kusa da kunnensa na hagu na ce, “Baba, ta kira sunanka. Sau biyu. Ta ce ba ta riƙe ka da komai ba, ta yafe maka.”

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya kashe rikodar, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryar kansa, “Da kin tsaya a yafiya da na yarda. Amma matar da ta shekara arba’in ba ta kama sunana ba? Wa ya koya miki yi wa mamaci ƙarya?” Na rantse, Umma ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. A ganinsa tausayinsa muka ji muka haɗa baki. Tun daga ranar ya daina ce mini Uwata. Sai “ke”. Ke kawo buta, ke rufe ƙofa. Duka bai taɓa yi mini ba, amma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya rage cin abinci. In ya dawo aiki sai ya ɗauko kaset ɗin ya riƙe a hannu kawai, don ya ji an ce yawan kunnawa na cinye murya.

Ana cikin haka Umma ta matsa masa suka je asibiti. Likita ya ce kunnen dama ya riga ya mutu, na hagun ma saura kaɗan, kuma irin wannan in ya tafi ba ya dawowa. Bai faɗi wata nawa ba. Ranar Umma ta ƙona awara har kasko biyu. Ni kuma na kwanta ina lissafin abin da ya fi ƙarfin shekaruna: in kunnen nan ya rufe kafin ya ji da kansa, zai mutu yana ganin uwarsa ta tafi da fushinsa, ni kuma in zauna maƙaryaciya a idonsa har abada.

Dabarar daga falon Malam Nuhu ta zo, wani ma’aikacin ma’aikatar gwamnati da ke ɗaki biyun ƙarshe. Shi ne na farko da ya sayi hom tiyata a layinmu, matarsa kan bar mu mu zauna a ƙasa mu yi kallo ranar Lahadi. Yara na kallon hoto, ni ina bin sauti. Na lura harbi da kiɗa daga manyan sifikun gefe suke fitowa, amma in mutum ya yi raɗa, daga wata ’yar ƙarama da ke kwance a kan talabijin take fita, tas kamar a kunnenka. Na gaya wa Umma, Umma ta gaya wa Baba, ta ce a roƙi Malam Nuhu aron falonsa na minti goma. Baba ya ce, “Maganar uwata ba ta shiga falon wani.” Amma sati biyu bayan nan ya sayar da kekensa, ya haɗa da abin da ya rage na Sallah, ya shiga kasuwa a cikin gari shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Wannan ne kwalin da ya sauko da shi.

Kaya ne masu kyan gani, in ji ido. Baƙi wul mai sheƙi, gabansa da fitilu shuɗi da ja masu rawa, an rubuta wata lamba mai sifili da yawa a jiki, wadda mai shagon ya ce ƙarfinsa ke nan. Baba ya ba mu labari yana murna, rabon da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar. Ya ce mai shago ya sa masa kiɗa ya ƙure, har ya ji shi a ƙirjinsa, gilashin shagon na karkarwa. To mutumin da ya shekara biyu bai ji abu sosai ba, ya ji ƙirjinsa na bugawa, me zai hana shi cewa a ɗaure masa? Kaset ɗin yana aljihunsa a lokacin, amma ba zai sa muryar Iya a tsakiyar kasuwa ba. Ɗan Malam Nuhu ya haɗa mana wayoyi, ya jona ’yar rikodarmu a jiki ya fita, Umma ta saki labule ta sa sakata. Baba ya danna. Sai ɗakin ya cika da dum, dum, dum. Taɓaryar matar nan mai daka ce ta zama ganga, kwanukan Umma na amsawa a kan kabad, zakara ya zama jirgi. Muryar Iya kuwa ta nutse can ƙasa, ni kaina da na san inda take sai da na neme ta na rasa. Baba ya bi sifikun nan ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwoyinsa, yana manna kunne, yana murɗa abin ƙara murya, dakan na ƙara ƙarfi. Maɓallin rage gangar ma babu. Da kaset ɗin ya ƙare ya zauna a ƙasa ya jingina da gado, fitilun nan na ta rawa a fuskarsa. Umma ta ce a hankali, “Kyan ɗan maciji.”

Ranar Litinin ya mayar, mai shago ya nuna masa rubutu a bango cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Ya sake ɗauko shi a ka, wannan karon ba yaron da ya bi shi. Ya tura kwalin ƙarƙashin gado. A satin nan na lura in na taɓa masa gwiwa na yi magana a kunnen hagun, sai na maimaita sau uku, alhali da sau biyu ne.

Ni na kawo shawarar kaset na gwaji. Tunda ba za a fita da muryar Iya ba, sai mu yi wadda ta yi kama da ita. Muka jira Baba ya tafi aiki, na samo wani tsohon kaset na wa’azi da ya riga ya lalace, muka toshe ramin kansa da takarda don ya ɗauki magana. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na lulluɓe kaina da zane, Umma ta fito da turmi tsakar gida tana daka ba komai a ciki sai ɓawon gyaɗa, matan gida na tambayarta ko lafiya. Zakaran maƙwabciyarmu Maman Ladi ne ya ƙi ba mu haɗin kai, sai da ƙanena ya bi shi da gudu. Ni kuma na yi ƙasa da murya ina lissafa kayan miya: kuka, daddawa, barkono, kanwa, gishiri. Da muka saurara a rikoda, daidai da na Iya ya fito, magana a binne ƙarƙashin daka. Umma ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Maman Ladi ce ta kwatanta mana shagon Oga Bulus a bayan kasuwar Kubwa, wani mai gyaran rediyo mutumin Filato da ke cocinsu, yana kuma sayar da tsofaffin kayan waje da ake ce wa Beljiyam. Muka ɗauki kwalin ni da Umma, kowa da gefensa. Shagon ɗan ƙarami ne, warin dalma da ƙura, tsofaffin amfilifaya jibge har rufi. Ya buɗe kwalinmu, ya ɗaga kan injin da yatsa biyu ya yi dariya. “Madam, wannan na shagon aski ne. Ki ji shi, ba nauyi, iska ne da fitila. Wa ya zaɓa?” Umma ta ce maigida ne, ta faɗa masa dalili a taƙaice, ba ta faɗi abin da ke cikin kaset ɗin ba. Ya daina dariya. Ya ce in don magana ake nema, a manta da lambar da ke jikin kwali. Abu uku za a duba: a ɗaga a ji nauyi, a ga yana da wurin sifikar tsakiya, a ga ana iya rage ganga daban a ƙara siririyar murya daban. Ya ce namu zai karɓa a yi musaya, masu aski na son fitila, amma daga cikin tsofaffi kawai za mu zaɓa, kuɗinmu bai kai sababbi ba.

Na miƙa masa kaset ɗina. Ya haɗa injin farko, ya ce in koma bakin ƙofa in juya baya. Bayan shagon masu niƙa na aiki, gaba ’yan acaba na hon. Na ce wannan yana huci kamar maciji. Na biyu ya fito da maganar amma yana shaƙe ta, kamar mai mura. Na uku sifika ɗaya na yankewa in ya ɗumama. Oga Bulus ya share gumi ya ce, “Wannan yarinya kunnensa ya fi mita na. Ki ba ni shi haya, Madam.” Amma ni na san kunnena ba shi ne ma’auni ba, don ni ko a rikodar ina ji. Sai na ce Umma ta toshe kunnen dama da yatsa, ta naɗe na hagu da gefen mayafi ninki huɗu, ita za ta saurara. Haka muka bi guda shida, rana ta take, Umma na girgiza kai, ni ina kallon tulin na ƙarewa. Na bakwai daga can ƙasa ya jawo shi, ruwan toka, gefensa a lotse, fitila ɗaya tak gare shi kore, sai da ya yi nishi kafin ya ɗora shi a tebur. Ya rage ganga har ƙarshe, ya ƙara siririyar, ya danna wani maɓalli da ke tura magana duka zuwa sifikar tsakiya. Umma na tsaye da mayafi a kunne sai ta ce, “Daddawa. Barkono. Kanwa.” Ta dafa bango. Oga Bulus ya ce, “Da tsohon zuma ake magani, ko ba haka Hausawa kuke faɗa ba?”

Kafin mu tafi ya manne maɓallan da salatif don kada kowa ya taɓa. Sannan ya kira ni ya nuna mini wani ɗan akwati mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ce injin nan daga ƙasar da wutarsu rabin tamu ce ya fito, dole a bi ta cikin akwatin nan kafin a kai bango. “In kun sa shi dairek, sau ɗaya zai yi tau, shi ke nan, ko ni ba zan iya tashe shi ba. Kuma ba ni da wani irinsa.” Ya ɗaura jan ƙyalle a kan filogin, ya sa na maimaita sau uku.

Muka kai gida a baro, muka tarar an ɗauke wuta. Taransifomar layinmu ce ta ƙone. Kwana tara. Ban taɓa sanin kwana tara na da tsawo haka ba. Janareto ɗaya ne a gidan, na Malam Nuhu, kuma Oga Bulus ya ce kada mu kuskura, wutarsa hawa da sauka take yi. Baba ya dubi tsohon injin nan mai lotsattsen gefe, ya dubi gurbin kwalinsa, ko tambayar yadda aka yi bai yi ba. Na bar kwan fitilar ɗaki a kunne, ina wanke-wanke ina leƙensa, a makaranta ina kallon wayoyin kan titi ta taga har malami ya jefe ni da alli. Kullum in Baba ya dawo sai in zaga bayansa ta hagu in tafa hannu a hankali in ga ko zai juyo. Rana ta bakwai bai juyo ba sai da na tafa da ƙarfi. Na shiga bayan gida cikin masara na yi kuka na gaji.

Rana ta tara Juma’a ce, ya dawo daga masallaci yana zaune yana cire takalmi, ihun yara ya tashi daga bakin titi yana biyo layi gida-gida. An kawo wuta. Shi bai ji ihun ba, kwan fitila ya gani. Ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ɗauki filogin mai jan ƙyalle ya nufi bango da shi kai tsaye, don ba wanda ya yi masa bayanin akwatin, mun bari sai ranar. Na ƙwalla ihu, Umma ta ƙwalla, ina, bayansa ne gare mu. Ban san lokacin da na tsallake tabarma na rataye a hannunsa da dukkan nauyina ba, har muka faɗi tare a jikin gado. Ya ɗaga ɗaya hannun, na rufe ido. Dukan bai sauko ba. Na karɓi filogin, na sa shi a akwatin, na sa akwatin a bango. ’Yar koriyar fitilar ta kama.

Umma ta sa sakata. Baba ya ciro kaset ɗin daga leda ya sa a rikodar da kansa, ya zauna a ƙasa ya ɗauki ’yar sifikar tsakiya da hannu biyu ya kwantar da kunnensa na hagu a kanta. Gaishe-gaishe suka wuce, maganar gona ta wuce, ƙofa ta yi ƙara. Dakan ya koma can nesa kamar a gidan maƙwabta. Sai Iya ta shigo ɗakinmu. Har numfashinta ana ji. Ta kira sunansa na yanka, wanda ni ma ba zan rubuta a nan ba. Ta sake kira. Na ga kafaɗar Baba ta motsa kamar an taɓa shi da garwashi. Ta ce, “Ban riƙe ka da komai ba. Ranar da ka tafi ba fushi ne ya hana ni juyowa ba, kar ka ga idona ne. Na yafe maka duniya da lahira.” Daga nan sai wani abu da ni kaina ban taɓa ji ba a ’yar rikodar. Iya ta yi ’yar dariya, ta ce, “Ashe sunan nan da daɗi a baki.”

Baba bai maido kaset ɗin ba. Ya bar shi ya yi ta juyawa har ya tsaya da kansa, kunnensa na kan sifikar, hawaye na bin katakon suna ɗiga a gwiwarsa. Umma ta juya ta fuskanci bango. Can ya ɗago ya neme ni da ido, ina maƙure a bayan ƙofa. Ya ce, da muryar nan tasa mai ƙarfi da duk gidan suka ji, “Uwata, zo nan. Ki yafe mini.”

Kafin damina ta zagayo kunnen hagun ya rufe gaba ɗaya, ya bar aikin dutse ya koma gadi a wata makaranta. Amma duk Juma’a bayan masallaci sai ya kunna injin nan, ya ɗora tafin hannunsa a kan sifikar, ya rufe ido. Ya san daidai inda sunan yake. In an zo wurin sai ka ga leɓensa ya motsa, yana amsawa, “Na’am.”

Yanzu Kubwa ta cika ta batse, inda gonar masararmu take an yi bene, mangwaron ma an sare. ’Ya’yana na aiko mini da murya ta waya sau goma a rana, in saurara ina tsaye a kicin in goge, ba wanda ke naɗe magana a leda. Kwanan baya babban ɗana ya ce zai sayo mini sababbin sifiku marasa waya, ya karanto mini lambobin ƙarfinsu. Na ce ya bari in zo mu je tare, kuma kada mai shago ya sa mana kiɗa, raɗa za a yi mini. Tsohon injin na nan a ɗakina ƙarƙashin zane, jan ƙyallen ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, Baba da Umma duk sun bi Iya. Wata Juma’ar nakan kunna shi in zauna a ƙasa, in ji mace ta kira ɗanta sau biyu. Sau biyun nan sun ishe shi har ya koma ga Allah.